Baba Sidiki da Motar da Ke Mutuwa a Ƙofar Wanda Ake Zargi

Shekara da shekaru, duk wanda ya bi ta ƙofar gidan rediyonmu da sanyin safiya, abin da zai fara gani shi ne Baba Sidiki a tsugune gaban wata tsohuwar a-kori-kura, da bokiti da tsumma, yana wanke ta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Motar sunanta Gwaggo. Shi ya raɗa mata, sunan kuma ya bi ta, don tana da tari, tana da mita, kuma ba a yi mata gaggawa. In ya gama yi mata wanka ya duba mai da ruwa, sai ya ɗingisa zuwa wurin mai koko, ya yi wa Dagombawa "Dasiba", ya yi wa mutanen kudu tasu gaisuwar, ya dawo da koko da ƙosai ya zauna a benci. Daga nan sai ya ciro 'yar rediyonsa daga aljihu ya kunna. Ba tasharmu yake kamawa ba. A ƙofarmu, a kan bencinmu, tashar abokan hamayyarmu yake saurara, kuma ba ya ko rage murya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Namu ai zan ji shi ko ban so ba, ga lasifika a kaina. Rabin da muka bari nake nema."

Ni Fatawu ne, mai karanta sanarwa. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, akuyar da ta ɓata, duk ta bakina suke fita. Nakan yi alfahari cewa ni kaɗai ne a gidan nan ba ni da ɓangare, tunda mamaci ba ya zaɓe, akuya kuma ba ta da jam'iyya. Tagar ɗakina tana kallon ƙofar gida, saboda haka fitar Gwaggo da dawowarta duk a idona suke. Abin da ban gani ba kuwa, waɗanda suka gani sun ba ni labari, wasunsu har yau da sauran haushi a muryarsu.

Wanda ba ɗan Tamale ba sai na yi masa bayani kaɗan. Gidajen rediyo a garin nan sun yi yawa, kuma alhamdu lillahi, ba mai zuwa ya toshe maka baki don ka caccaki gwamnati. An ba mu 'yanci, muna kuma cin moriyarsa har da ƙari. Sai dai kowace tasha tana da mai ita, mai ita kuma yana da abokai da abokan gaba. In aka sheƙa ruwan sama, wannan tasha za ta ce albarka ce ta sauka saboda shugabanni nagari, waccan ta ce ambaliya ce ta cinye gari saboda shugabanni sun yi barci. Ruwan nan guda ne, kuma duk ya jiƙa mu. Ga masu bugo waya na kullum, waɗanda tun kafin a faɗi abin da za a tattauna sun riga sun fusata. Kada dai a ɗauke mu da zafi, yawanci ba ƙarya muke shararawa ba. Muna zuwa ne wurin wanda ya kira mu, ya ba mu kujera da ruwan sanyi da shinkafa a leda, mu naɗi abin da ya faɗa, mu dawo da gudu don labaran rana. Wanda aka zarga kuwa, a rediyo zai ji laifinsa, tare da matarsa da surukansa.

A nan ne ciwon Gwaggo yake shigowa. Zuwa wurin masu ƙorafi ba ta taɓa ba da matsala, lafiya lau take tafiya har da waƙa. A dawowa ne abin yake tashi. Sai ta yi tari, ta yi shessheƙa, ta gangara a hankali gefen hanya ta mutu. Ba ta mutuwa a daji, ba ta mutuwa a gidan mai, ba ta mutuwa a gaban gareji inda za a agaza mata. Sai a ƙofar mutumin da aka gama tsine masa a cikin rakoda.

Baba Sidiki zai fito yana salati, ya ɗaga bonet, ya cusa kansa ciki har kafaɗa. Ɗan jarida zai tsaya a rana yana duba agogo yana tsaki. Mutanenmu kuwa ba sa ganin baƙo a tsaye a ƙofarsu su ƙyale shi. Sai a fito da benci, a kawo ruwa, a yi masa "Amaraaba", a tambayi daga ina. To, mutum yana rungume da makirfo mai tambarin gidan rediyo, ga mai gida a gabansa yana yi masa sannu da rana, ina zai sa kansa? Dole ya yi tambaya. Da zarar mai gida ya gama bayaninsa ya haɗiye yawu, sai a ji Gwaggo ta yi atishawa ta tashi.

Akwai wani hedimasta a Sagnarigu da iyayen yara suka kira mu a kansa, wai ya kwance kwanon rufin aji ya sayar. An yi rantsuwa, an nuna mana ajin a buɗe sararin sama yana leƙowa. A dawowa Gwaggo ta mutu a ƙofar gidansa. Mutumin ya buɗe ɗakin kwanansa, sai ga kwanon nan a jibge har kusa da silin. Iska ce ta yaye shi, ya bi gonaki ya tsinto ɗaya-ɗaya, ya rasa inda zai ɓoye don ɓarayi, sai ya ba shi ɗakinsa, shi da matarsa suka koma baranda. Matar ce ma ta fi kowa magana a rakodar, kuma ba iyayen yara take yi wa faɗa ba.

Kada ku ɗauka Gwaggo mai wanke mutane ce. Akwai ɗan kwangilar da ya haƙa kwata a Choggu ya bar ta a buɗe har akuyoyi suka koyi iyo. A ƙofarsa ma ta mutu. Ya fito da babbar riga, ya karɓi makirfo da hannunsa, ya fara kare kansa. Bai gama ba sai da ya faɗi abubuwan da masu zarginsa ma ba su sani ba, har da wata kwata ta biyu da kowa ya manta. Daga baya, bayan asiri ya tonu, na tuna wa Baba Sidiki wannan, na ce ai ranar Gwaggo ta yi asarar tarinta. Ya ce, "Ni ban ce yana da gaskiya ba, Fatawu. Na ce yana da baki."

An kai motar gareji-gareji. Makanikai suka kwance, suka ɗaura, suka canza filogi, suka busa abin busawa, suka ce ba su ga komai ba. Mai gadinmu ya ce aljani ne, kuma daga gani tsohon alƙali ne. Editan labaranmu, Madam Araba, mutuniyar kudu ce da ta zo Tamale aiki tun tana budurwa, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Wata rana ta tsaya a kan Baba Sidiki yana wankin mota, ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Baba Sidiki, wannan motan naka ya san gidan mutane paa. Ko mai raba wasiƙa bai kai shi ba."

"Madam, tsufa ne."

"Tsufa," in ji ta. Ta ƙara kallonsa, ta koma ofis. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar, duk labarin da Gwaggo ta fita ɗaukowa, sai ta sa shi a labaran yamma, ta bar gurbin mutum biyu.

Wanda bai taɓa yafe wa Gwaggo ba shi ne Yazeed, babban ɗan rahotonmu. Yana da murya, wannan ba a musu, in ya ce "Jama'a masu saurare" har masu niƙa sukan rage injin. Yana da taye, yana da takalmi mai ƙyalli, kuma Gwaggo ta zaunar da takalmin nan a ƙofar mahauta, da ta masu gawayi, da ta wani boka da ya dage sai ya duba masa tafin hannu kafin ya amsa tambaya. Duk da haka, rahotannin da aka fi yaba masa a gari, waɗanda ake cewa yaron nan ba ya tsoron kowa, duk na ranakun da mota ta mutu ne. Yakan karɓi yabon ba tare da gardama ba.

Ɗingishin Baba Sidiki yana da tarihi, kuma sau ɗaya tak ya ba ni shi. Yana saurayi lori yake tuƙawa a hanyar Kumasi. Wata rana taya ta fashe masa a gangara, lorin ya kife. Wata jarida ta buga cewa direban a buge yake, kuma ya tsere cikin daji. Alhali shi ana can ana zaro shi daga ƙarƙashin buhunan doya da karyayyar ƙafa, mutumin da ko warin giya bai taɓa yarda ya zauna kusa da shi ba. Mahaifiyarsa a bakin maƙwabta ta ji, a bakin famfo. Ya yi jinya mai tsawo a gadon asibiti, ƙofar ɗakin a buɗe, yana jiran wani ya shigo ya ce, "Direba, yaya aka yi?" Ba wanda ya zo. Da ya ba ni labarin bai yi kuka ba, ni ne na kasa ƙarasa kokona. Ya ce ƙafar ta warke ta bar ɗingishi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne tsohuwar ta rasu tana cewa mutane, "Ɗana ba ya sha," suna gyaɗa mata kai irin na tausayi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mai gidan rediyonmu, Alhaji Abdulgafaru, ɗan kasuwa ne, kuma ba mugun mutum ba ne, sai dai in ya fusata yakan manta cewa tashar ba lasifikar aljihunsa ba ce. Yana da babbar gonar masara can bayan Sagnarigu. Wata damina shanu suka shiga suka yi mata kaca-kaca. Tun daga safiyar da aka gaya masa, tasharmu ta koma ba ta da wani labari sai Fulani. Labaran safe Fulani, na rana Fulani, shirin wasanni ma sai da aka san yadda aka yi aka saka su. Masu bugo waya suka samu abin yi. Wannan ya ce a tashi rugar da ke kusa da gonar, wancan ya ce a yanka shanun a raba wa unguwa. Matasa suka fara cewa bayan sallar Juma'a za su je su yi aikin da hukuma ta kasa.

A rugar nan Mariyatu take, matar da ta shekara da shekaru tana kawo mana fura da nono da wagashi, wato cukun nonon shanu, har ƙofar tasha. Babu cikin da furarta ba ta shiga ba a gidan nan. A makon nan ta zo ta zauna a inda ta saba, mutane suka riƙa wuce ta suna duba waya. Ta jira har nonon ya fara tsami, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Baba Sidiki kaɗai ya saya, ya sha a gaban kowa har da lashe ludayi.

Ana gobe Juma'a Alhaji ya sauko da kansa, ya kira Yazeed da Baba Sidiki a tsakar gida. Taga a buɗe take, na ji komai.

"Sidiki, na ji labarin Gwaggonka. Ni ba yaro ba ne." Ya miƙa masa makullin sabuwar jif ɗinsa, wadda ledar kujerunta ma ba a gama cirewa ba. "Wannan ba ta tari. Ka kai Yazeed gona, ya yi rahoto kai tsaye a labaran rana, ka dawo da shi nan. In ta tsaya a wani wuri tsakanin nan da can, ka ajiye makulli, ka ajiye aiki."

"Na ji, Alhaji."

Ku sani, Baba Sidiki ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da ɗa a Turai. Yana da mata da 'ya'ya mata a makaranta, kuma sitiyarin nan shi ke ɗora tukunya a gidansa. A shekarunsa da ƙafarsa, ba layi ake yi ana neman direba irinsa ba. Na ga ya je ya dafa bonet ɗin Gwaggo kafin ya shiga jif, ban ji abin da ya ce mata ba.

Sauran labarin Yazeed ne ya ba ni. Sun isa gona da wuri, ya naɗi muryar mai kula da gonar, ya ga masara a kwance, ɓarnar kuwa an yi ta, ba ƙari. Suka juyo don su nemi inda waya ke kamawa sosai kafin lokacin labarai. Suna zuwa daidai inda wata 'yar hanya ta ratse cikin kaɗanyu, sai Baba Sidiki ya kunna sigina, a dajin da ba kowa a bayansa, ya karya kan mota, ya tsaya a bakin ruga. Ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya naɗe hannuwa. Bai fito ba, bai ɗaga bonet ba.

"Baba, me ya samu motar?"

"Ba komai. Lafiyarta lau."

"To me ya sa muka tsaya?"

"Ni ne na lalace."

"Baba, don Allah kar ka yi mini haka. Ka fa ji abin da Alhaji ya ce."

"Da kunnena aka faɗa. Kai ba ruwanka, ka ce direba ne ya ƙi tafiya, gaskiya ka faɗa. Amma tunda an riga an tsaya, ga mutane can suna kallonmu. Kuma furarsu tana jikinka."

Yazeed ya ce ya yi tunanin ya taka da ƙafa zuwa titi, ya dubi taɓo, ya dubi takalminsa. Kafin ya yanke shawara an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, lokacin labarai kuma ya yi. Dole ya bugo.

Ina cikin situdiyo a ranar, a kujerar gefe, ina jiran a gama labarai in karanta sanarwa. Madam Araba ce a kan makirfo. Yazeed ya fara, "Jama'a masu saurare," sai wata saniya ta amsa masa daga bayansa da babbar murya.

"Yazeed, kana ina? Na ji shanu."

Ya amsa a hankali, "Madam, muna rugar."

Madam Araba ta ɗaga kai ta dubi silin. Ofishin Alhaji ne a samanmu. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ina kallon hannunta a kan maɓallin da zai yanke wayar, kuma wallahi da ta danna ba wanda zai zarge ta. Sai ta janye hannun ta ce, "To, ba su wayan. Mu ji nasu."

Mazan rugar suka tura Mariyatu, don ita ta san mu. Ta fara da gaisuwa. Ta gaida Madam, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, ta tambayi mai gadi da ciwon bayansa, ta ce a gaida Malam Fatawu mai rasuwa. Duk Tamale tana jira. Sannan ta ce, "Shanu sun shiga gona, gaskiya ne, ba mu musa ba. Hanyar da suke bi zuwa ruwa tun zamanin surukina, bana an nome ta an haɗa da gonar. Mai gidana ya kora su ta gefe, suka ga masara, suka fi ƙarfinsa. Wannan laifinmu ne, mun ɗauka. Mun je ba da haƙuri, mai kula da gonar ya ce ba ya jin Hausa ranar."

Madam Araba ta ce, "Mma Mariyatu, mutane ya ce gobe za su zo su yanka shanun. Me za ka ce?"

"To, Madam, wannan sai a tambayi mai su. Mu kiwo aka ba mu. Namu a ciki kaɗan ne, sauran na Alhaji ne."

"Wane Alhaji?"

"Alhajinku mana. Wakilinsa ne ya kawo mana su tun shekarun baya. In yana ji, a yi masa albishir, jar saniyarsa ta haihu, mace ta samu. In yankan za a yi, don Allah a bar ta ta yaye."

A samanmu muka ji kujera ta faɗi.

Nan take aka miƙo mini makirfo, sanarwa ta farko kuma ta rasuwa ce. Ban taɓa shan wahalar aiki irin ta ranar ba, don dariya nake ta dannewa. Muryata tana rawa, hawaye na zuba, ina tsayawa ina jan numfashi. Iyalan mamacin har gida suka zo yi mini godiya, wai ba su san na shaƙu da tsohonsu haka ba.

A yi wa Alhaji adalci, tunda darasin ke nan: bai sani ba. Shanunsa a warwatse suke a hannun makiyaya daban-daban, wakili ne ke kula, shi dai a kawo masa labarin sun ƙaru. Mako guda ya yi yana biyan wutar lantarki don a yi kiran a yanka dukiyarsa. Kafin la'asar labarin ya gama gari, direbobin yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, suna yi wa juna albishir ɗin jar saniya daga wannan layi zuwa wancan. Ranar Juma'a aka nemi matasan nan aka rasa, don mutum ba ya iya ɗaukar gora yana dariya. Aka zauna da dattawa, makiyayan suka ɗauki nasu laifin, aka buɗe wa shanu hanyar ruwa. Mariyatu ta dawo ƙofarmu da ƙwaryarta, waɗanda suka wuce ta suna duba waya su ne a gaban layi.

Amma Alhaji mutum ne mai cika magana. Baba Sidiki ma bai jira a kira shi ba, yana dawowa ya hau sama da ɗingishinsa ya ajiye makullin a kan tebur. Alhaji bai ɗago kai ba ya ce, "Ka tafi da Gwaggonka, ba na son ganin ɗayanku." Madam Araba aka mayar da ita shirin girke-girke na ɗan lokaci, inda ta riƙa gayyato masu tuwon zafi da masu wake da shinkafa tana ba kowa lokacinsa daidai. Ni kuma aka ba ni sanarwa in karanta cewa direbanmu ya yi ritaya. Na karanta. Washegari na leƙa ta taga na ga bencin nan ba kowa, ba bokiti, ba tashar abokan hamayya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Baba Sidiki, kai ne mai birkin da ba a saya a kanti. Ba ka taɓa riƙe makirfo ba, ba a taɓa jin muryarka a iska ba, in an lissafa ma'aikatan labarai ba a sa sunanka. Amma kai ne ka riƙa kai mu ƙofar da ba a gayyace mu ba, ka tsaya kanka a cikin inji mai zafi, gumi na ɗiga, don wani bawan Allah ya samu ya ce nasa. Muna ta bugun ƙirji da 'yancin faɗin abin da muke so, kai kuma kullum kana tuna mana da mutumin da ake faɗa a kansa. Ranar da dabara ta ƙare, ba ka laɓe bayan ƙarfe ba, ka tsaya da fuskarka, ka san kuma abin da zai biyo baya.

Gwaggo tana nan da ranta. Yanzu haya take yi, tana ɗaukar doya, da siminti, da kujerun biki, da raguna in Layya ta matso. Abin da ake samu bai kai na da ba, na sani, ko da yake ba ya faɗa. Masu hayarta sun shaida mini tana zuwa Yendi ta dawo ko tari ɗaya ba ta yi. Mai gadinmu ya ce aljanin ne ya yi ritaya.

Bai yi ba. A daminar bana ruwa ya shiga gidaje a wani layi a Nyohini, mutane suka ce shagunan da Alhaji Abdulgafaru ya gina ne suka toshe hanyar ruwa. Tashoshin gari suka yi masa ca. Masu bugo wayan nan na kullum, har da waɗanda suka taya shi yaƙin masara, suka juya kansa da irin muryar da suka saba. Tasharmu ta yi gum, don duk abin da ta faɗa za a ce ta mai gida ce. Ba wanda ya je ya tambaye shi. Na je gidansa wata safiya karɓar sanarwar sunan jikarsa, na same shi a zaure shi kaɗai, rediyo a cinya, ana jera masa laifuffuka, ya rame a fuska.

Muna zaune sai muka ji tari a waje. Tari, shessheƙa, sannan shiru.

Muka fito. Gwaggo ce a gefen kwata, bonet a ɗage, ƙafafun Baba Sidiki kaɗai ake gani da bayansa. A gefe ga wata 'yar rahoto, Hairat, daga tashar da ta fi kowa caccakar Alhaji. Ta yi hayar motar ne saboda taɓon layin da ruwa ya ci, ta gama naɗar masu ƙorafi tana sauri ta koma. Tana tsaye rungume da makirfo tana duba agogo tana tsaki, ba ta ma san ƙofar wa take ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon bayan mutumin da ya kora. Sannan ya gyara murya.

"Sidiki, Gwaggo ce?"

Daga cikin inji aka amsa, "Ita ce, Alhaji. Ta gaji."

"Za ta daɗe?"

"Sai ka gama."

Alhaji ya juya ya shiga zaure. Yana da masu aiki, yana da 'ya'ya a gidan, bai kira kowa ba. Da hannunsa ya ɗauko kujera ya ajiye wa Hairat, ya koma ya kawo ruwa.

Ko yana da gaskiya a maganar shagunan, ni ban sani ba. Na ji nasu, na ji nasa, ku ma kun ji a labaran yamma, kowa ya yi hukunci da kansa.

Baba Sidiki, mun gode. Hedimasta ya gode, Mariyatu ta gode, Yazeed ya ce in rubuta cewa shi ma ya gode amma kada in ambaci takalmi. Allah ya ƙara wa ƙafarka ƙarfi, ya rufa maka asiri, ya jiƙan tsohuwar da ta gaya wa mutane gaskiya a kanka ba su saurara ba. 'Yan uwana masu makirfo da masu alƙalami, har da ku masu tura labari a waya kafin ku gama karantawa, yawancinku sababbin motoci gare ku da babura masu lafiya, ba abin da zai tsayar da ku sai ku. Ku riƙa tsayawa. Ku kuma mutanen gari, in wata rana ana ta kiran sunanku a rediyo, kuka ji tari a waje, kuka leƙa kuka ga tsohuwar a-kori-kura da bonet a ɗage, kada ku wahalar da kanku neman sifana. Ku fito da benci.